Kamfanin da Ake Kira Gaskiya

Ranar Laraba, 7 ga Janairun 2009, da hantsi, wata wasiƙa ta faɗo hannun daraktocin wani babban kamfanin kwamfuta da ke birnin Haidarabad a kudancin Indiya. An tura kwafinta ga shugaban hukumar SEBI mai sa ido a kan cinikin hannun jari a ƙasar, an kuma tura wa kasuwannin hannun jarin. Mai kamfanin ne da kansa ya sa mata hannu, wato B. Ramalinga Raju, mutumin da a lokacin iyaye ke nuna wa 'ya'yansu su yi koyi da shi. Babu ɗan sandan da ya ritsa shi, babu jaridar da ta kai ga tona masa asiri. Shi ya rubuta cewa daga cikin rufi (kuɗin Indiya) biliyan 53.6 da littattafan kamfanin suka ce suna nan a ajiye, biliyan 50.4 babu su. A cewarsa ba kwashe su aka yi ba, tun asali ba a taɓa samun su ba. In aka juya kuɗin zuwa dala sun haura biliyan 1. Wato a cikin kowace rufi 100 da duniya ke zaton kamfanin ya tara, 6 ce kaɗai za ka iya taɓawa da hannu.

Sunan kamfanin Satyam. A harshen Sanskrit, tsohon harshen malaman Indiya, ma'anar kalmar ita ce gaskiya.

Raju ɗan gidan manoma ne daga Bhimavaram a jihar Andhra Pradesh, an haife shi a 1954. Ya je Amurka ya yi digiri na biyu a harkar kasuwanci a Jami'ar Ohio, ya dawo gida ya taɓa masana'antar zare, ya taɓa gine-gine, sannan a 1987 ya buɗe kamfanin rubuta manhajar kwamfuta da ma'aikata kimanin 20. Ya kuwa shigo a kan gaɓa. Lokacin ne manyan kamfanonin Amurka suka fara lura cewa aikin da injiniyansu zai yi musu da tsada, matashin Indiya zai yi shi da araha, kuma yana yi ne sa'ad da su suke barci, su wayi gari su tarar an gama. A 1991 ya samu kwangila daga John Deere masu ƙera tarakta, daga nan ƙofa ta buɗe. A 2001 aka fara sayar da hannun jarin Satyam a kasuwar New York. Kafin 2008 ya zama na huɗu a girma cikin irinsa a Indiya, bayan TCS da Infosys da Wipro. Yana cewa ma'aikatansa 53,000 ne, yana aiki a ƙasashe 66, kuma 185 daga cikin manyan kamfanoni 500 da mujallar Fortune ke lissafawa abokan cinikinsa ne. Har FIFA ta ba shi aikin kwamfutocin gasar cin kofin duniya ta 2010 da ta 2014.

Ba kuma a san shi da rowa ba. A 2005 shi ya kafa tsarin motocin ɗaukar marasa lafiya na gaggawa: ka buga 108 a wayarka, mota ta zo ta ɗauke ka kyauta. Wannan ba takarda ba ce, motoci ne na gaske, sun kuma ceci rayukan mutane na gaske, har wasu jihohin Indiya suka kwaikwaya. Na faɗi wannan ne don kada mai karatu ya zana hoton wani ɗan damfara mai ofishin haya da lambar waya ɗaya. Satyam yana da aiki, yana da injiniyoyi dubbai, yana da masu biyansa. Abin da ba shi da shi shi ne irin ribar da yake shelar yana ci.

Ga yadda Raju ya ba da labarin a wasiƙar. Ya ce abin ya faro ne da ɗan giɓi tsakanin ribar gaskiya da wadda aka rubuta. Kamfanin da ke kasuwar hannun jari dole ne duk wata uku ya fito ya faɗi abin da ya samu, masu sharhi kuma su ɗora shi a sikeli da takwarorinsa. In Infosys ta ce ta ci kaza, kai ma ana jiran ka faɗi abin da ya yi kusa da haka, in ba haka ba farashin hannun jarinka ya zube. Sai aka ɗan ƙara gishiri a wani zango, da niyyar a cike a zango na gaba. Na gaban ya zo bai cike ba, aka sake ƙarawa. Kamfani na girma, giɓi na girma tare da shi. A wata ukun da suka ƙare a Satumban 2008, Satyam ya shelanta cinikin rufi biliyan 27 da ribar aiki ta biliyan 6.49, wato kashi 24 cikin 100. Na gaskiya kuwa ciniki biliyan 21.12 ne, riba miliyan 610, kashi 3 kacal. Raju ya kwatanta kansa da wanda ya hau bayan damisa, bai san yadda zai sauka ba tare da ta cinye shi ba. Wannan magana ce aka fi tunawa da shi da ita har yau.

Ita ƙaryar lissafi ba ta zama ita kaɗai, haihuwa take yi. In ka rubuta takardar neman biya ta bogi ka ce ka yi wa wani kamfani aiki, wata rana za a tambaye ka ko ya biya. Sai ka ce ya biya. To ina kuɗin? Suna banki. Ke nan sai ka buga takardar banki ta bogi mai nuna sun shigo. Da suka taru suka yi yawa, wani zai ce me ya sa aka bar su zube? Sai ka ce ka mayar da su ajiyar dogon lokaci, ka buga takardar shaidar ajiyar, ita ma ta bogi, da tambarin banki da komai. Ajiya kuma tana haifar da kuɗin ruwa, saboda haka dole ka rubuta ruwan da ba a ba ka ba: a wasiƙar Raju akwai rufi biliyan 3.76 na irin wannan ruwa. Hukumar binciken laifuka ta Indiya, CBI, ta ƙirga takardun neman biya na bogi 7,561. An shigar da su ne ta wata ɓoyayyar kafa a manhajar lissafin kamfanin, yadda za su bayyana a jimillar ciniki amma shugabannin sassan da aka ce su suka yi aikin ba za su gan su ba. Hukumar SEC, takwarar SEBI a Amurka, ta ce an yi wannan aƙalla tun daga 2003.

To ina masu binciken kuɗi? Price Waterhouse ne, reshen Indiya na ɗaya daga cikin manyan kamfanonin odita huɗu na duniya. A aikin odita babu abin da ya kai tabbatar da kuɗin banki sauƙi. Ɗalibin shekarar farko ya san ƙa'idar: kai za ka rubuta wa banki da hannunka, banki ya amsa maka kai tsaye, takardar ba za ta bi ta hannun wanda kake bincike ba. Mai shago a Kantin Kwari bai karanta wannan a littafi ba, amma ranar lissafi ba ya ce wa yaron shago "dila nawa suka rage?" ya rubuta abin da ya ji. Shiga sito yake yi ya ƙirga. A Satyam, kamar yadda SEC ta gano, an bar ma'aikatan kamfanin su ne ke kawo takardun tabbacin da aka ce daga banki suke. Shekara da shekaru ana sa hannu a kan dala biliyan guda da babu wanda ya ɗaga waya ya tambayi manajan banki ko tana nan.

An dai samu wanda ya yi tambayar da ta dace. A watan Oktoban 2008, a taron wayar da kamfanin kan yi da masu sharhin kasuwa, wani daga cikinsu ya ce shi abin da bai gane ba shi ne dalilin da zai sa a jibge sama da dala miliyan 500 a asusun yau da kullum wanda ba ya kawo ko sisin ruwa. Wane ɗan kasuwa ne ke haka? Aka yi masa 'yan kwane-kwane, aka wuce zuwa tambaya ta gaba. Wata guda kafin nan, a Satumba, wata ƙungiya mai mazauni a Landan ta ba Satyam lambar yabo ta Golden Peacock, wato ɗawisun zinare, saboda kyakkyawan shugabancin kamfani. Kallon kitse ake wa rogo, har da ba shi kambu.

A watan na Satumba ne kuma bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka, kasuwannin duniya suka rikice. Nan ruwa ya fara ƙare wa ɗan kada. Iyalin Raju sun daɗe suna rage hannun jarinsu a Satyam, daga kusan kashi 25 cikin 100 a 2001 zuwa ƙasa da kashi 9 a 2008, ragowar kuma sun jinginar da shi sun ci bashi. Dukiyarsu ta koma ƙasa: dubban eka na filaye a kewayen Haidarabad da wasu biranen, waɗanda masu bincike suka ce an saya da sunan ƙananan kamfanoni sama da 300. Ga farashin fili ya tsaya, ga farashin hannun jari yana sauka, masu bashi kuma sun fara duban jinginar da ke hannunsu. Raju ya san cewa da ɗan kason da ya rage masa, wani zai iya saye kamfanin, kuma ranar da baƙo ya buɗe littafi magana ta ƙare.

Sai ya yi dabara ta ƙarshe. Ranar Talata, 16 ga Disamba, ya kira taron daraktoci ya kawo shawarar Satyam ya sayi kamfanoni biyu: Maytas Properties mai harkar filaye da gidaje, gaba ɗayansa, a kan dala biliyan 1.3, da kashi 51 cikin 100 na Maytas Infra mai gina hanyoyi da madatsun ruwa, a kan miliyan 300. Jimilla biliyan 1.6. Ka karanta Maytas daga ƙarshe zuwa farko: Satyam ne aka juya. Kamfanonin na gidan Raju ne, 'ya'yansa biyu maza ke riƙe da su.

Yanzu a dubi waɗanda aka kawo wa wannan magana. Wanda ya jagoranci zaman, tunda Raju da ƙanensa Rama Raju suna da hannu a cinikin, shi ne Farfesa M. Rammohan Rao, shugaban Indian School of Business, makarantar koyon kasuwanci da Haidarabad ke tinƙaho da ita. Akwai Vinod Dham, injiniyan da ake wa laƙabi da uban Pentium saboda aikinsa a Intel. Akwai T. R. Prasad, tsohon sakataren majalisar ministocin Indiya, wato ƙololuwar aikin gwamnati. Akwai Farfesa V. S. Raju, tsohon shugaban cibiyar fasaha ta IIT da ke Delhi, da Dakta Mangalam Srinivasan, malama mai dogon tarihi a jami'o'in Amurka. Sai Farfesa Krishna Palepu na makarantar kasuwanci ta Harvard. An yi tambayoyi a zaman, an nuna ɗan ɗari-ɗari a kan farashi. Da aka zo ƙarshe babu wanda ya ce a'a.

Sunan Palepu ne ya sa wannan labari ya zama abin karantarwa a ajin jami'a, domin duk wanda ya karanci dabarun kasuwanci a ƙasashe masu tasowa ya ci karo da shi. A 1997 shi da abokin aikinsa Tarun Khanna suka fitar da wata maƙala da ta sauya yadda ake kallon manyan gidajen kasuwanci irin su Tata. A lokacin koyarwar Amurka ita ce kamfani ya riƙe sana'a ɗaya ya ƙware a kanta. Su kuma suka ce wannan shawara ta ƙasar da komai ke aiki ce. Inda kotu ke jan ƙafa, banki ba ya ba baƙo bashi, babu mai tantance ingancin kaya, babu amintaccen bayani a kan kowa, to gida ɗaya mai suna shi ke cike waɗannan guraben: ya ɗauki kuɗi daga wannan sana'a ya kafa waccan, ya horar da manajojinsa, sunansa ya zama jingina. Magana ce mai ma'ana, duk wanda ya ga yadda gidan attajiri ɗaya ke haɗa sufuri da masana'anta da fatauci ya san haka ne. Kuma Palepu bai tsaya nan ba. Yana cikin marubutan wani sanannen littafin koyar da yadda ake tantance kamfani daga bayanan kuɗinsa, sannan a 2003 shi da Paul Healy suka rubuta nazari a kan yadda kamfanin Enron ya faɗi, da yadda daraktoci da masu odita da masu sharhi suka kasa gani. A shekarar ce ya shiga hukumar daraktocin Satyam.

Sai dai sauran masana sun riga sun nuna ɗaya fuskar gidan kasuwanci. Yawancin dokokin shugabancin kamfani an gina su ne a kan matsalar da Berle da Means suka bayyana a Amurka tun 1932: masu kamfani dubbai ne a warwatse, manaja ɗan haya ne, yaya za a hana shi cin amanarsu? Maganin shi ne a naɗa masa daraktoci masu zaman kansu su tsare shi. Amma a 1999 La Porta da Lopez-de-Silanes da Shleifer suka bi diddigin mallakar manyan kamfanoni a ƙasashe 27, suka ga irin na Amurka ne baƙo. A yawancin duniya iyali ne ko gwamnati ke riƙe da linzami. A irin wannan wuri rigimar ba tsakanin mai kaya da yaronsa take ba, tsakanin babban mai kaya ne da ƙananan abokan tarayyarsa. Har suna aka ba salon cutar, aka aro shi daga abin da ya faru a Jamhuriyar Cek bayan faɗuwar kwaminisanci, inda aka riƙa zurare dukiyar kamfanoni kamar ta ramin ƙarƙashin ƙasa. Da Hausa sai mu ce aikin gafiya: rumbu na tsaye, ƙofarsa a liƙe, hatsi na fita ta ƙasa. A 2002 Bertrand da Mehta da Mullainathan suka auna wannan a gidajen kasuwancin Indiya ɗin kanta, suka nuna riba na gangarawa daga kamfanin da iyali ke da ƙaramin kaso zuwa wanda suke da babba. Cinikin Maytas kamar daga cikin maƙalarsu aka ciro shi: kuɗi zai bar inda gidan Raju ke da ƙasa da kashi 9, ya tafi inda su ne masu ɗaki.

Haka masu hannun jari suka karanta shi, cikin minti kaɗan. Da yammacin ranar Raju ya yi taron waya da manyan masu zuba jari, suka yi masa ca. Wa ya yi wa filayen kuɗi? Aka ce wani babban kamfani ne, aka ƙi faɗin sunansa. Me ya haɗa mai rubuta manhaja da siminti? Me ya sa ba a tambaye mu ba? Da kasuwar New York ta buɗe, farashin Satyam ya faɗi da fiye da rabi. Kafin gari ya waye a Haidarabad an janye cinikin. Bai yi awa 12 a raye ba.

Abin mamakin yana nan. Kowa ya ɗauka Raju na so ya kwashe tsabar kuɗin Satyam ya ba 'ya'yansa. Alhali babu tsabar kuɗin. Abin da ya shirya, kamar yadda ya faɗa daga baya, shi ne ya biya da kuɗin da babu, ya karɓi filayen da ke akwai. A takarda Satyam ya fitar da biliyan 1.6, 'ya'yansa su yi shiru kamar an biya su, ramin da ke littafi ya cike da ƙasa ta gaske, damisa ta kwanta ya sauka. Da cinikin ya wuce, mai yiwuwa da har yau ana kiran sunansa a taron yaye ɗalibai. Masu hannun jarin sun tare ɓarawo ne a ƙofa suna zaton fita zai yi da kaya, ashe shigowa yake da su ya mayar kafin a farga. Da suka hana shi, ba su san sun rufe masa hanya ta ƙarshe ba.

Mako ukun da suka biyo baya kamar zubewar tsohon gini ne da damina. Ranar 18 ga Disamba, kamar yadda rahoton masu binciken gwamnati ya nuna, wani mai sunan aro ya aika wa Palepu saƙon imel cewa kamfanin ba shi da kuɗin da yake faɗa, a tambayi bankuna a ji. Saƙon ya wuce zuwa shugaban kwamitin binciken kuɗi, daga nan zuwa ga mai odita, shi kuma ya ce babu ƙamshin gaskiya a ciki. Ranar 23 Bankin Duniya ya tabbatar da cewa ya haramta wa Satyam kwangilarsa na shekara 8 saboda ba wa ma'aikatan bankin abin da bai halatta ba. Ranar 25 Mangalam Srinivasan ta ajiye muƙaminta, kwanaki kaɗan bayanta Dham da Palepu da Rao suka bi. Masu bashi suka fara sayar da jinginar, kason gidan Raju ya gangaro zuwa kusan kashi 5, ya ci gaba da sauka. Aka ɗauko bankin zuba jari na DSP Merrill Lynch su nemo wa kamfanin mafita, suka leƙa littattafai na 'yan kwanaki, suka ce sun ga abin da ba za su iya ci gaba da shi ba, suka tattara takardunsu. Sai wasiƙa.

A ranar farashin hannun jarin Satyam ya faɗi da kusan kashi 78 cikin 100 a Mumbai, daga wajen rufi 179 zuwa 40, ya kuma ja Sensex, ma'aunin kasuwar, ƙasa da kashi 7. Masu ɗawisun zinare suka ce sun karɓe abinsu. Ranar Juma'a 9 ga wata aka kama Raju da ƙanensa, washegari aka kama shugaban sashen kuɗi Vadlamani Srinivas, kafin ƙarshen wata aka haɗa da manyan ma'aikatan Price Waterhouse biyu da ke sa hannu a lissafin.

Adalci ne a faɗi cewa ba a tuhumi daraktocin nan na waje da hannu a ƙirƙirar takardun ba, kuma a Janairun 2013 wata alƙaliya a New York ta kori ƙarar da aka shigar a kansu. Ni ban ga alamar sun san da ramin ba. Abin da nake gani ya fi wannan ban tsoro. Dokar SEBI ta ce in shugaban hukumar daraktoci shi ne ke gudanar da kamfani, rabin daraktocin su zama masu zaman kansu, Satyam kuwa ya cika wannan har da ƙari. Amma wa ya zaɓo su? Raju. Wa ke shirya takardun da ake ajiye musu a tebur sau 'yan kaɗan a shekara? Mutanen Raju. Palepu ma kamfanin na biyansa kuɗin shawara daban, shi ya sa a takarda ba a lissafa shi cikin masu zaman kansu ba. Wanda ya gayyato ka gidansa, ya shimfiɗa maka darduma, ya gabatar da kai ga jama'a da girmamawa, da wuya ka dube shi ka ce a kawo makullin rumbu ka gani da idonka. Ilmi ba ya cire wannan nauyin. Wataƙila ma ƙara shi yake yi, domin manyan sunayen nan su ne suka sa kowa ya saki jiki: mai odita ya ga farfesoshi a hukumar, farfesoshi suka ga tambarin mai odita, mai sayen hannun jari a ƙauyen Gujarat ya ga duka biyun. Kowa ya jingina da ɗan'uwansa, babu wanda ya jingina da bango. Mu ma a Najeriya mun ga irinta, a Cadbury a 2006, da kuma ranar 14 ga Agustan 2009 da Babban Banki a ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar waɗanda duk suna da daraktoci da masu odita da lambobin yabo.

Gwamnatin Indiya ta yi hanzari, a yaba mata. Ta rushe hukumar daraktocin, ta naɗa Deepak Parekh da Kiran Karnik da C. Achuthan su riƙe kamfanin. Ba ta zuba masa kuɗin talakawa ba. Sababbin daraktocin suka ci bashi aka biya albashi, suka bi abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya suna roƙon kada su gudu, sannan suka sa kamfanin a gwanjo. Ranar 13 ga Afrilun 2009 kamfanin kwamfuta na Tech Mahindra ya yi tayin rufi 58 a kan kowane hannun jari, ya doke Larsen & Toubro. Wane ne Mahindra? Gidan kasuwanci ne na iyali, masu jajayen taraktocin nan, masu motoci, masu ba da rance, masu otal. Wato irin gidan da Khanna da Palepu suka ce shi ke cike gurbi inda hukumomi suka gaza. Wani gida ya haƙa ramin, wani gida ya cike shi, kuma masanan biyu da masu sukarsu duk sun samu hujja a labari ɗaya. A 2013 aka narkar da kamfanin cikin Tech Mahindra, sunan Satyam ya bar allon kasuwa.

Ɗaruruwan daraktoci masu zaman kansu sun ajiye muƙamansu a kamfanonin Indiya a 2009, da suka gane kujerar ba ta shan shayi ba ce kawai. Dokar kamfanoni ta 2013 ta tilasta sauya kamfanin odita bayan shekara 10, ta taƙaita wa'adin darakta mai zaman kansa, ta tsaurara cinikin da ke tsakanin kamfani da dangin masu shi. A 2011 hukumomin Amurka suka ci rassan Price Waterhouse na Indiya tarar dala miliyan 7.5. SEBI ta dakatar da su daga binciken kamfanonin kasuwar hannun jari na shekara 2 a 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta soke dakatarwar a 2019. Raju ya rantse a wasiƙarsa cewa bai ci ko rufi ɗaya ba, amma a 2014 SEBI ta ce shi da mutum huɗu su dawo da rufi biliyan 18.49 na haramtacciyar riba, aka yi ta ɗaukaka ƙara a kan adadin. Ranar 9 ga Afrilun 2015 kotu a Haidarabad ta yanke masa ɗaurin shekara 7, shi da mutum tara. Bayan wata guda aka ba su beli, aka jingine hukuncin har a saurari ƙararsu.

Saura waɗanda suka yi asara. Masu hannun jarin Satyam a kasuwar New York sun haɗu sun shigar da ƙara ɗaya a madadin kowa, kamar yadda dokar Amurka ta ba su dama. A 2011 kamfanin ya amince ya biya su dala miliyan 125, masu odita suka ƙara miliyan 25.5. A Indiya ma wata ƙungiyar masu zuba jari ta nemi diyya a madadin ƙananan masu hannun jari kimanin 300,000. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙi sauraron ƙarar, Kotun Ƙoli ta ƙi sa baki, dokar ƙasar kuma a lokacin ba ta tanadi irin waccan ƙarar ta taron dangi ba. An sa ta a dokar 2013, ta fara aiki a 2016. Su dai mutum 300,000 ɗin nan ba a biya su ko rufi ɗaya ba.